Kundin Shirin Gasar Golf ta Tallafin Karatu Don Tunawa da Ronald McNair

Talata, 21 ga Oktoba, 2025

Kwamitin da reshenmu na tsoffin ɗaliban Jami'ar North Carolina A&T da ke Amurka ya kafa domin shirya gasar golf ta tara kuɗin tallafin karatu ya yi zamansa na farko a daren yau, kuma ni aka ɗora wa alhakin riƙe kundin aikin. Ba haka kawai aka zaɓi wannan rana ba, domin da Ronald McNair yana raye, da yau ya cika shekara 75. An haife shi ranar 21 ga Oktoba, 1950 a Lake City, wani ƙaramin gari a jihar Karolina ta Kudu, ya kammala digirinsa na farko a fannin fiziks a jami'armu da ke Greensboro a 1971, ya samu digirin digirgir a jami'ar MIT a 1976 da bincike kan hasken leza, sannan hukumar NASA ta ɗauke shi a 1978 cikin rukunin mutum 35 da za a horar su zama 'yan sama jannati. A watan Fabrairun 1984 ya tashi a kumbon Challenger, ya zama baƙar fata na biyu daga Amurka da ya je sararin samaniya, bayan Guion Bluford wanda ya riga shi da 'yan watanni.

Duk wanda ya yi karatun injiniya a jami'ar ya san sunan, tun da ginin tsangayar injiniya sunansa yake ɗauke da shi, kuma da yawa daga cikinmu a nan muka kwana muna fama da lissafi. Saboda haka babu wanda ya yi jayayya a kan wanda za a karrama. Jayayyar da aka yi a kan kuɗi ce, kuma ma'ajiyar reshe ce ta tayar da ita, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin akanta, wadda ta saurari shugaban kwamiti yana lissafa riguna da huluna da kofunan da za a raba, har ya dasa aya, sannan ta ce abu ɗaya take son a rubuta a saman kowane rahoto, wato dala nawa ce za ta isa asusun ɗalibi bayan an biya kowa haƙƙinsa. An amince da haka ba tare da ƙuri'a ba. A ganina wannan ne mafi amfanin abin da aka yanke a daren, domin irin waɗannan gasanni sun yi suna wajen shelar kuɗin da suka shigo tare da yin gum a kan abin da ya rage.

An tsayar da cewa gasar za ta kasance a watan Mayun 2026, kuma an raba kwamiti gida uku: masu neman fili, masu neman masu ɗaukar nauyi, da masu tsara ƙa'idar rabon tallafin.

Asabar, 15 ga Nuwamba, 2025

Masu neman fili sun kawo rahoto. Filayen ƙungiyoyi masu zaman kansu sukan bayar da hayar ranar Litinin, domin ita ce ranar da galibinsu ke rufe wa membobinsu, amma farashinsu ya fi ƙarfinmu. Mun karkata ga wani fili mai rami 18 da ke buɗe ga kowa, wanda ya nemi dala 65 a kan kowane ɗan wasa, har da ƙaramar motar zagaya fili, da kuma dala 25 kuɗin abincin rana. Ranar da aka ba mu ita ce Litinin, 18 ga Mayu, kuma an biya kafin alƙalami daga asusun reshe.

Tsarin wasan shi ne wanda kusan duk gasannin sadaka suke bi. 'Yan wasa suna fita huɗu-huɗu, kowa ya buga ƙwallonsa, sai a duba wadda ta faɗi a wuri mafi kyau, dukkansu su ɗauko nasu su sake bugawa daga nan, a ci gaba da haka har ƙwallo ta shiga rami. Amfanin wannan tsari shi ne, mutumin da bai taɓa riƙe sandar golf ba sai bara yana iya shiga tawaga ɗaya da gwani ba tare da ya ja musu baya ko ya ji kunya ba. Za a kuma fara a lokaci ɗaya, wato a rarraba tawagogi a ramuka daban-daban tun kafin a busa ƙaho, ta yadda kowa zai gama kusan tare a zauna cin abinci. Idan aka sa tawaga biyu a kowane rami, fili yana ɗaukar mutum 144, amma manajan ya gargaɗe mu cewa cika shi maƙil yana sa wasan ya haura awa biyar, kuma dattawanmu ba za su gode mana ba.

An tsayar da kuɗin shiga a dala 150 ga mutum ɗaya, 600 ga tawaga. Nan take ma'ajiya ta juya bayan takardar ajanda ta yi lissafi a gaban kowa: idan aka cire dala 90 ta fili da abinci, dala 60 ce ke saura a kan kowane kai, ke nan ko da mutum 100 suka zo, dala 6,000 ce riba daga cikin 15,000 da za a karɓa. Allon da ake kafawa a gefen rami da sunan wani kanti ko asibitin haƙori kuwa, ana sayar da shi dala 250, bugunsa kuma bai wuce dala 20 ba. Abin da wannan ke nufi shi ne, allo guda ya kusa yin daidai da ribar tawaga sukutum, kuma tallafin karatun ba daga hannun 'yan wasa zai fito ba, daga alluna da manyan masu ɗaukar nauyi zai fito. 'Yan wasan su ne dalilin da zai sa mai kanti ya yarda ya sayi allon.

Mun nemi a ƙara sharuɗɗa biyu a yarjejeniya kafin a sa hannu. Na farko, kada a huda shimfiɗar ciyawar da ke kewaye da ramuka a cikin mako uku kafin ranarmu, domin masu kula da fili sukan bi ta da injin da ke ɓula ƙananan ramuka don iska ta shiga saiwa, su watsa yashi a kai, kuma har ta warke ƙwallo ba ta gangarawa yadda ya kamata. Na biyu, a rubuta ranar da za a koma idan tsawa ta sa aka rufe fili. Sun amince da duka biyun, mu kuma muka amince za mu biya kuɗin mutum 72 ko da waɗanda suka zo ba su kai haka ba.

Lahadi, 7 ga Disamba, 2025

Zaman yau ya ɗauki wata hanya da ba ta cikin ajanda. Wata matashiyar injiniya da ta kammala karatu shekarun baya-bayan nan ta ce ita har yanzu ba ta gamsu ba cewa golf ce hanyar da ta dace a karrama mutumin da ya tashi a gidan da ba su da wadata, ya yi aikin gonar auduga da taba yana yaro, domin a idonta wasan na masu hannu da shuni ne, kuma yawancin abokan karatunta ba su da sanduna balle su iya bugawa. Maganarta tana da tushe, kuma na lura ba ita kaɗai take da wannan tunani ba.

Wanda ya ba ta amsa wani dattijo ne da aka haifa a Greensboro, kuma bai musanta komai ba, sai dai ya tuna mana abin da ya faru a rana irin ta yau shekara 70 da suka wuce. A ranar 7 ga Disamba, 1955, kwana shida bayan kama Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujerarta a motar bas a birnin Montgomery, wani likitan haƙori mai suna George Simkins da abokansa biyar, dukkansu baƙar fata, suka shiga filin golf na Gillespie Park, suka ajiye kuɗin wasa a kan kanta, suka fita suka fara bugawa. Filin mallakar birni ne, an gina shi da kuɗin jama'a, amma hukumar birnin ta ba wa wata ƙungiya hayarsa a kan dala ɗaya a shekara domin a riƙa cewa wuri ne mai zaman kansa, a hana baƙar fata shiga. An kama su, aka same su da laifin ƙetare iyaka, shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli inda suka faɗi da ƙuri'a biyar da huɗu a 1960, kafin gwamna Luther Hodges ya sassauta musu hukunci. A wata shari'ar daban, kotun tarayya ta yanke a 1957 cewa dole a buɗe filin ga kowa, amma kafin umarnin ya fara aiki sai gobara ta cinye ginin kulob ɗin, birnin kuma ya gwammace ya rufe filin baki ɗaya. Sai a 1962 aka sake buɗe shi, da rami tara kacal. A tsakanin nan ne Charlie Sifford, ƙwararren ɗan golf baƙar fata ɗan asalin Charlotte, ya buga gasar Greater Greensboro Open a 1961, kuma a ƙarshen wannan shekarar ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta PGA ta soke sharaɗin da ya keɓe zama memba ga farar fata.

Dattijon ya haɗa wannan da labarin da kowane ɗalibin jami'armu ya sani, na McNair yana ɗan shekara tara a 1959, lokacin da ya ƙi fita daga ɗakin karatu na Lake City sai an ba shi aron littattafai, har aka kira 'yan sanda da mahaifiyarsa, kuma daga ƙarshe ya fita da littattafan a hannu. Wannan ginin yanzu cibiya ce mai ɗauke da sunansa. Abin da ya ce shi ne, ƙofar fili da ƙofar laburare hannu ɗaya ne ya rufe su, kuma waɗanda suka buɗe su ba su yi haka don jikokinsu su ce wurin ba nasu ba ne.

Tarihi bai warware matsalar kuɗin sanduna ba, kuma matashiyar ta faɗi haka cikin ladabi. Saboda haka aka yanke abu biyu: za a sayar da tikitin abincin rana kaɗai a kan dala 40 ga waɗanda ba za su buga ba, kuma za a shirya awa ɗaya ta koyar da sababbin shiga da sandunan aro kafin a busa ƙaho. An ba ta jagorancin wannan ɓangare. An ɗan tattauna yiwuwar mayar da gasar Gillespie saboda tarihinsa, amma rami tara ba zai ɗauki yawan mutanen da lissafinmu yake bukata ba.

Asabar, 10 ga Janairu, 2026

Yau zaman takardu ne, kuma wani memba lauya ne ya jagorance shi. Kuɗin za su bi ta asusun da ke da rajistar sadaka a ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar harajin tarayya, abin da ke ba mai bayarwa damar rage harajinsa, amma ba a kan duk abin da ya biya ba. Dokar hukumar haraji ta IRS ita ce, idan mutum ya biya sama da dala 75 kuma ya samu wani abu a madadi, wajibi ne a sanar da shi a rubuce ƙimar abin da ya samu, kuma rarar da ke sama da wannan ƙima ce kaɗai take zama sadaka. Ɗan wasan da ya ba mu dala 150 ya buga golf ya ci abinci, don haka rasit ɗinsa zai nuna cewa ya ci moriyar dala 90, sadakarsa 60. Wanda ya ba da kyautar dala 250 ko fiye kuma yana bukatar takardar shaida daga gare mu kafin ya iya nuna ta a takardun harajinsa.

Batun alluna ya fi ɗaukar lokaci. Doka ta bambanta godiya ga mai ɗaukar nauyi da talla: allo yana iya ɗaukar sunan kamfani da tambarinsa da adireshinsa, amma da zarar ya ambaci farashi, ko ya ce kayansu sun fi na wasu, ko ya yi kira a zo a saya, ya zama talla, kuma kuɗinsa na iya shiga cikin abin da ake biya wa haraji. Wani mai sayar da motoci ya riga ya aiko da zanen allonsa da rubutun cewa babu mai arha kamarsa a faɗin gundumar. An mayar masa da shi tare da bayani, ya ɗan yi ƙorafi a waya, daga baya ya aiko da sabo mai suna da lamba kawai.

Ya zuwa yau an sayar da alluna 5, tawagogi 4 sun biya.

Laraba, 28 ga Janairu, 2026

Babu zama a yau, amma ranar ta shafi aikin kai tsaye, domin shekara 40 ke nan cif da hatsarin Challenger. Kumbon ya tashi daga cibiyar Kennedy da ke Filorida da ƙarfe 11:38 na safe a ranar 28 ga Janairu, 1986, bayan daren da aka yi tsananin sanyi, kuma daƙiƙa 73 da tashinsa ya tarwatse. Mutum bakwai ne a ciki: Francis Scobee, Michael Smith, Judith Resnik, Ellison Onizuka, Gregory Jarvis, malamar makaranta Christa McAuliffe, da McNair, wanda yake da shekara 35. Kwamitin bincike na Rogers ya gano cewa zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar dama ne ya ƙi yin aikinsa saboda sanyi ya sandarar da shi, iskar gas mai zafi ta samu hanyar fita ta ƙona jikin tankin mai, kuma tun a daren da ya gabata wasu injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokar sun yi gargaɗi a kan tashi cikin irin wannan sanyi, aka ƙi bin shawararsu.

Na kawo wannan ne saboda mai zana mana fosta ya aiko da samfuri mai hoton hayaƙin nan da ya rabu biyu a sararin sama, kuma ta saƙonni kwamiti ya ƙi shi da murya ɗaya. Mutuwarsa ba ita muke so ɗalibi ya fara gani ba. A tafiyarsa ta 1984 shi ne ya sarrafa hannun injin kumbon a lokacin ayyukan da aka yi a waje, a tafiyar da Bruce McCandless ya yi shawagi ba tare da igiya ba, kuma ya tafi da saksofon ɗinsa ya busa a can. Ya kuma kai matakin baƙar ɗamara na biyar a karate. Lauyanmu ya ƙara da cewa ba a amfani da tambarin NASA ba tare da izini ba, kuma sa hoton mutum a takardar neman kuɗi yana iya nuna kamar iyalinsa ne suka shirya abin. An tsaya a kan fosta mai launin jami'a, shuɗi da ruwan zinare, da rubutu kawai cewa gasar ta tunawa da shi ce.

Asabar, 21 ga Fabrairu, 2026

Bankin da ya yi mana alkawarin dala 5,000 a matsayin babban mai ɗaukar nauyi ya janye, da hujjar cewa an sauya kasafin hulɗa da jama'a a hedikwatarsu. Alkawarin na baki ne, ba a kai ga sa hannu ba, don haka babu abin da za mu riƙe su da shi. Wannan giɓi ya kai sama da kashi ɗaya cikin uku na ribar da muke hasashe. An umarci masu neman tallafi kada su ƙara sa sunan kowa a fosta sai cek ya shiga asusu.

Tawagogi 9 sun biya, alluna 7 sun tafi, wato rabin mutum 72 da muka ɗaure kanmu da su. Saboda azumi ya kama, na roƙi a mayar da zaman maraice zuwa safiyar Asabar har bayan salla, kuma aka amince.

Asabar, 14 ga Maris, 2026

Wannan ne zaman da ya fi kowane tsawo, kuma ya cancanci hakan, domin yau aka yanke wa za a ba kuɗin. Shawarar farko ita ce wadda aka saba: a zaɓi ɗalibi ɗaya ko biyu masu shiga shekarar farko da makin da ya fi na kowa, a ba su kyauta mai tsoka, a ɗauki hoto da babban cek na kwali. Ƙaramin kwamitin tsara ƙa'idar rabo ya zo da wata shawara daban, kuma ita na goya wa baya. Ɗalibin da ya fi kowa maki yakan samu tayi daga wurare da dama tun kafin ya iso. Wanda ba a gani shi ne na shekara ta uku ko ta huɗu, wanda ya ci kwasa-kwasan da suka fi wahala, yana aikin dare a kanti, amma ana bin sa bashin 'yan ɗaruruwan daloli, kuma a yawancin jami'o'in ƙasar nan irin wannan bashi yana hana mutum rajistar zango na gaba. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda iyakarsa a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 dala 7,395 ce, ba ya rufe kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai gaba ɗaya. Jami'ar Jihar Jojiya da ke Atlanta ta fara bayar da irin wannan ƙaramin tallafin cike giɓi tun 2011, kuma jami'o'i da dama sun kwaikwaye ta saboda yadda ya riƙe ɗaliban da suke dab da ficewa.

An kuma lura cewa akwai shirin gwamnatin tarayya mai sunan McNair, wanda tun 1989 yake shirya ɗalibai don karatun digirin digirgir. Namu ba ya gogayya da shi, domin kafin a yi maganar digiri na uku sai an gama na farko.

Ƙa'idar da aka amince da ita ita ce: ɗalibi ya kasance a shekara ta uku ko ta huɗu a fannin kimiyya, lissafi ko injiniya, karatunsa yana tafiya daidai, kuma takardar neman tallafin karatu ta gwamnatin tarayya, wato FAFSA, ta nuna yana da bukata. Ba a sa launin fata a cikin sharuɗɗan ba. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yunin 2023 kan ɗaukar ɗalibai, jami'o'i da yawa sun sake duba tallafin da ke da irin wannan sharaɗi, kuma mu ba ma bukatarsa don isa ga waɗanda muke nufi. Ofishin tallafin kuɗi na jami'a ne zai tantance, domin dokar FERPA ta 1974 ta kare bayanan ɗalibi, kuma babu dalilin da zai sa mu da muke zaune a wani gari mu riƙa leƙa takardun albashin iyayen wani. An kuma nemi a tambayi ofishin yadda kuɗinmu za su zauna tare da sauran tallafin da ɗalibi yake samu, saboda idan jimillar ta haura abin da aka ƙiyasta yana bukata, akan rage wani ɓangare, kuma mun fi son a rage bashi a kan a rage kyauta.

Saura tambayar ko a raba komai a bana ko a ajiye wani abu. Asusun dindindin yana aiki ne kamar waƙafi, uwar kuɗin tana nan ana juya ta, ribar kaɗai ake ci, kuma jami'o'i sukan fitar da kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a shekara, ke nan dala 25,000 tana haifar da kusan 1,000 duk shekara ko da gasar ta daina gudana. Matasa sun so a raba duka yanzu, dattawa sun so a ajiye rabi. An daidaita a kan kashi biyu cikin uku ga ɗalibai a bana, kashi ɗaya ga asusun.

Asabar, 28 ga Maris, 2026

Wata tsohuwar ɗaliba mai kamfanin zanen gadoji da magudanan ruwa ta ɗauki gurbin da bankin ya bari, kuma cek ɗinta na dala 5,000 ya shiga kafin a sanar. Za a ba kamfaninta tawaga ɗaya kyauta, wadda za ta ci mana dala 360, kuma ma'ajiya ta rubuta wannan a ɓangaren kashewa tun kafin wani ya manta.

An kawo shawarar sayar da tikitin cankar sa'a a wurin cin abinci. Na bayyana cewa ni ba zan riƙe wannan tebur ba saboda addinina, lauya kuma ya ƙara da cewa kuɗin irin wannan tikiti ba sa shiga cikin sadakar da ake rage haraji da ita, kuma jiha tana da nata ƙa'idoji a kansa. An maye gurbinsa da gwanjon kayan da aka ba mu kyauta, inda kowa zai rubuta tayinsa a takarda. Kyautar mai jefa ƙwallo a rami da bugu ɗaya tana nan, amma kamfanin inshora ne zai ɗauki nauyinta, da sharaɗin a auna nisan ramin a kuma tsayar da shaidu a wurin tun daga tawagar farko har ta ƙarshe.

Litinin, 20 ga Afrilu, 2026

Saura mako huɗu. Tawagogi 21 ne a rajista, har da ta babbar mai ɗaukar nauyi, wato mutum 84, waɗanda 80 daga cikinsu suka biya, don haka mun wuce iyakar 72. Alluna 16 sun tafi, tikitin abinci 30, kuma mutum 14 sun rubuta suna a ajin koyo, yawancinsu mata da waɗanda suka kammala karatu kwanan nan.

Rahoton ma'ajiya ya fara da lambar da ta nema tun zaman farko. Abin da ya shigo ko aka tabbatar zai shigo dala 22,200 ce. Ribar 'yan wasa 4,800, ta alluna 3,680 bayan an cire bugu, ta babbar mai ɗaukar nauyi 4,640, ta tikitin abinci 450. Inshorar taro da ta bugu ɗaya, kyaututtuka, da ladan kamfanin da ke karɓar kuɗi ta kati sun tashi kusan 1,500. Abin da ya rage ya ɗan haura dala 12,000, kusan kashi 54 cikin 100 na abin da aka karɓa, ban da gwanjon da ba a sa a lissafi ba. A kan rabon da aka yanke, wannan yana nufin ɗalibai takwas za su samu dala 1,000 kowanne, 4,000 kuma ta shiga asusun dindindin.

Shugaban kwamiti ya sake ɗago maganar riguna masu tambarin gasa, yana cewa 'yan wasa suna sa ran tafiya gida da wani abu. An ƙiyasta cewa rigunan mutum 84 za su cinye fiye da tallafin ɗalibi guda, sai maganar ta mutu, aka tsaya a kan ƙwallaye da tawul da wani kanti ya bayar kyauta.

Na zagaya filin da safiyar yau tare da mai kula da ciyawa. An huda shimfiɗun tun farkon watan nan, kuma ramukan sun kusa rufewa, sai ɗan yashi da ke manne wa ƙwallo a rami na 7 da ke cikin inuwar itatuwa, wanda ya ce zai washe kafin ranar. Mun auna ramin inshora da na'urar auna nisa, muka sa alama a inda shaidu za su zauna. Abin da ya rage shi ne sayar da alluna biyu na ƙarshe, samun 'yan sa-kai shida don teburin rajista da rakiyar ajin koyo, aika wa fili adadin masu cin abinci mako ɗaya kafin ranar tare da yawan waɗanda ba sa cin naman alade ko nama gaba ɗaya, da kuma sa hannu a takardar yarjejeniyar tallafin da ofishin jami'a ya aiko, wadda lauya yake dubawa. Zama na gaba Asabar, 2 ga Mayu, a filin, da ƙarfe 9 na safe.